Daga New York Zuwa Miami: Bin Sawun Kuskuren da Ke Kan Takarda

Ƙarfin gini ko rauninsa yana somawa ne tun yana kan takarda, a ofishin da injiniyoyi ke lissafa nauyin da kowane ginshiƙi da kowace mahaɗa za su ɗauka, watanni ko shekaru kafin a haƙa harsashi. Abin da ake kira kula da inganci a kamfanonin zanen gine-gine shi ne matakan da kamfani ke bi domin kada kuskuren mutum ɗaya ya fita daga ofis ya isa hannun maƙera da magina ba tare da wani ya gan shi ba, kuma matakan sun ƙunshi sake lissafi, da bitar zane, da rubuta kowane sauyi tare da sunan wanda ya amince da shi. Akwai wurare huɗu a ƙasar Amurka da mai son sanin asalin waɗannan matakai zai iya ziyarta a tafiya guda, daga New York zuwa Hartford ta jirgin ƙasa, sannan zuwa Kansas City da Miami ta jirgin sama, domin abin da ya faru a kowannensu an rubuta shi dalla-dalla, har an san daidai gurbin da takarda ta kuɓuce wa idon mai dubawa.

Matafiyin da ya fito daga tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa da ke mahaɗar titin Lexington da titi na 53, a tsibirin Manhattan, yakan tarar da kansa a ƙarƙashin wani bene mai hawa 59, wanda aka kammala a 1977 da sunan Citicorp Center, yanzu kuma ake kiransa da adireshinsa, 601 Lexington. Daga nesa ana gane shi da kansa da aka yanke a karkace, amma abin da ke tsayar da mai wucewa yana ƙasa, inda benen mai tsawon mita 279 ke tsaye a kan ƙafafu huɗu masu tsayin hawa tara, kowace ƙafa a tsakiyar gefenta, kusurwoyin ginin huɗu kuma suna rataye a sarari babu abin da ya tokare su daga ƙasa. Dalilin wannan fasali yana nan a ƙarƙashin ɗaya daga cikin kusurwoyin, wato cocin St. Peter, wanda ya sayar da filinsa bisa sharaɗin a gina masa sabon coci a kusurwar da yake, ba tare da ginshiƙin benen ya ratsa shi ba. Ma'aikatan ofisoshi suna wucewa ta ƙarƙashin waɗannan kusurwoyi safe da yamma, kaɗan ne daga cikinsu ke ɗaga kai.

Injiniyan ƙashin ginin, wato wanda aikinsa shi ne lissafin ƙarafan da ke riƙe da benen, shi ne William LeMessurier, wanda babban ofishinsa ke Cambridge a jihar Massachusetts. Ya tsara jerin ƙarafan tokare masu siffar harafin V, kowane rukuni yana tattara nauyin hawa takwas ya kai shi tsakiyar gefe inda ƙafa take, sannan ya sa a ɗora dunƙulen kankare mai nauyin tan 400 a saman benen, wanda ke zamewa a kan mai da taimakon na'ura domin ya rage girgizar da iska ke jawowa. A zanensa na asali, walda ce za ta haɗa ƙarafan tokaren. Kamfanin Bethlehem Steel, wanda ya yi aikin ƙarfen, ya nemi a maye gurbin waldar da ƙusoshi masu noti saboda sun fi araha, ofishin LeMessurier na New York kuma ya amince, shi kuwa bai ji labarin sauyin ba sai a watan Mayu na 1978, bayan mutane sun riga sun tare a ginin. Neman irin wannan sauyi abu ne da aka saba a wannan sana'a, kuma ba laifi ba ne a kansa. Abin da ya mai da shi haɗari shi ne lissafin da aka gina amincewar a kansa.

Dokar gini ta New York a lokacin ta buƙaci a lissafa iskar da ke bugun gini kai-tsaye a fuska ɗaya kawai, kuma ga benen da ginshiƙansa ke kusurwoyi wannan ya wadatar. Amma ga benen da ƙafafunsa ke tsakiyar gefe, iskar da ke zuwa ta kusurwa, tana bugun fuskoki biyu lokaci guda, ita ce ta fi nauyi. Tambaya kan wannan batu ta taso ne daga ɗalibai, ciki har da Diane Hartley ta Jami'ar Princeton, wadda ke rubuta kundin digirinta kan benen. Da LeMessurier ya sake lissafi a watan Yuni na 1978, sai ya ga iskar kusurwa tana ƙara wa wasu ƙarafan tokaren nauyi da kashi 40 cikin ɗari, ƙarin da ya fi haka tsanani a kan ƙusoshin mahaɗa. Ya kuma gano cewa masu lissafin mahaɗan sun ɗauki ƙarafan a wani rukunin da doka ba ta tsananta masa ba, abin da ya rage yawan ƙusoshin da aka sa. Ƙiyasinsa ya nuna cewa guguwar da kan zo sau ɗaya cikin shekara 16 za ta iya karya mahaɗa idan wutar lantarki ta ɗauke, dunƙulen kankaren ya daina aiki. Ya kai rahoton kansa ga Hugh Stubbins, mai tsara fasalin benen, da shugabannin bankin Citicorp, mai benen. Aka kira Leslie Robertson, injiniyan tagwayen benayen Cibiyar Kasuwanci ta Duniya, ya duba lissafin daga waje. Daga watan Agusta zuwa Oktoba kuma masu walda suka riƙa shiga da dare suna manna faranta na ƙarfe masu kaurin santimita 5 a kan mahaɗai fiye da 200. A farkon Satumba guguwar Ella ta doso birnin ana tsakiyar aiki, kafin ta karkata zuwa teku.

Ana yawan ba da wannan labari a azuzuwan injiniya don yaba gaskiyar LeMessurier, kuma yabon ya dace da shi. Sai dai ta fuskar kula da inganci akwai abubuwa biyu da yabon bai kamata ya rufe ba. Babu wata hanya a kamfanin da ta tilasta a mayar da sauyin mahaɗai ga mutumin da ya san dalilin da ya sa aka zaɓi walda tun farko, don haka tambayar ɗaliba ce ta yi aikin da tsarin kamfani ya kamata ya yi. Kuma da yake manyan jaridun birnin suna yajin aiki a lokacin, al'amarin bai fito fili ba sai a 1995, da Joe Morgenstern ya rubuta shi a mujallar The New Yorker, ma'ana an shafe shekara 17 sauran kamfanoni ba su amfana da abin da aka koya ba, waɗanda suka yi ta aiki a benen ana gyara shi kuma ba a gaya musu girman haɗarin da suke ciki ba.

Unguwannin da ke kewaye da wannan bene cike suke da ofisoshin zane, kuma matafiyin da ya sami izinin shiga ɗayansu zai ga cewa kula da inganci abu ne da ake iya gani da ido. A kusurwar dama ta ƙasan kowace takardar zane akwai akwatin bayani mai ɗauke da gurbin wanda ya zana, da gurbin wanda ya duba, da gurbin wanda ya amince, tare da jadawalin sauye-sauye da kwanan watansu. Duk wurin da aka sauya a jikin zanen ana zagaye shi da wani layi mai kama da gajimare, a sa masa lamba a cikin ƙaramin alwatika, domin wanda ya karɓi sabon kwafi ya ga abin da ya bambanta da na jiya. A kamfanoni da yawa mai dubawa yana bin kowane adadi da alƙalami mai launi, rawaya ga abin da ya tabbatar, ja ga abin da ke buƙatar gyara, ta yadda kwafin da ba a shafa masa launi ba ke shaida cewa ba a duba shi ba, kuma al'adar ta ɗore ko bayan komawar aikin kan allon kwamfuta. A ƙarshe injiniya mai lasisi yana buga hatiminsa, irin hatimin da injiniyoyin da hukumar COREN ta yi wa rajista ke bugawa a Najeriya, kuma ma'anarsa a doka ita ce ya ɗauki alhakin abin da ke takardar.

Ƙa'idar ƙasa da ƙasa da aka fi sani a wannan fanni ita ce ISO 9001, wadda aka fara wallafawa a 1987 aka kuma yi mata babban gyara a 2000 da 2015. A sashenta na zane ta bambanta abubuwa uku da ake yawan cakuɗawa. Bita ita ce zaman da ake yi a wasu matakai na aiki don a ga ko zanen yana tafiya kan hanyar biyan buƙata. Tantancewa ita ce tabbatar da cewa abin da ya fito daga lissafi ya dace da sharuɗɗan da aka shigar, wani lokaci ta hanyar sake lissafin da wata dabara daban. Gaskatawa kuwa ita ce tabbatar da cewa abin da aka zana zai yi aikin da mai shi ke nufi da shi a zahiri. Ƙa'idar ta kuma buƙaci a rubuta kowane sauyi, da sakamakon bitarsa, da wanda ya ba da izini. Takardar shaidar bin wannan ƙa'ida tana nuna cewa kamfani yana da hanya kuma yana ajiye bayanai, amma mai binciken da ke ba da ita ba ya sake lissafin bim ko ginshiƙi, saboda haka sa hannu a gurbin mai dubawa yana iya kasancewa cikakke a fayil alhali an yi shi ne cikin gaggawa a ranar miƙa aiki.

Daga tashar Grand Central, tafiyar 'yan mintoci a ƙafa kudu da benen Citicorp, jirgin ƙasa yana bin gaɓar ruwan Long Island zuwa New Haven, inda ake sauya jirgi a nufi arewa. A kan hanya yana tsayawa a Bridgeport, garin da wani bene da ake ginawa mai suna L'Ambiance Plaza ya rushe a ranar 23 ga Afrilu, 1987, ya hallaka ma'aikata 28, lokacin da ake ɗaga daɓen kankaren da aka zuba a ƙasa zuwa gurabensa. Hartford, babban birnin jihar Connecticut, gari ne na kamfanonin inshora a bakin kogi, kuma a tsakiyarsa akwai babban zauren wasanni da aka buɗe a 1975 da sunan Hartford Civic Center, wanda aka sauya wa suna fiye da sau ɗaya tun daga lokacin. Mai kallonsa a yau ba zai ga alamar komai ba, domin rufin da ke kansa ba shi ne na asali ba. Na asalin, mai faɗin mita 91 da tsawon mita 110, ya rufta ne da asubahin 18 ga Janairu, 1978, ƙarƙashin nauyin dusar ƙanƙara, sa'o'i shida kacal bayan kusan mutum 5,000 sun watse daga kallon ƙwallon kwando, kuma wannan tazara ce kaɗai ta sa ba a rasa rai ba.

Rufin saƙar ƙarafa ne mai tsaye a kan manyan ƙafafu huɗu, kuma yana cikin ayyukan wancan zamani da aka dogara ga kwamfuta wajen lissafinsu. Kwamfuta tana amsa tambayar da aka yi mata ne kawai, kuma an gaya mata cewa ƙarafan saman rufin a tokare suke a tsakiyar tsawonsu, alhali yadda aka zana mahaɗan tokaren bai hana waɗansu daga cikin ƙarafan lanƙwashewa ba. An kuma ƙiyasta nauyin rufin kansa ƙasa da yadda yake. Abin da ya fi ciwo a rahoton kamfanin Lev Zetlin Associates, wanda ya yi binciken, shi ne cewa rufin ya ba da sanarwa tun da wuri. An haɗa shi a ƙasa ne sannan aka ɗaga, kuma da aka auna lotsawarsa sai aka ga ta kusa ninka abin da lissafi ya hango, ma'aikata kuma suka yi ta fama wajen daidaita wasu sassan da ramukansu suka ƙi haɗuwa, amma aka ba da tabbacin cewa babu damuwa. A tsarin inganci mai rai, awon da ya saɓa wa lissafi dalili ne na dakatar da aiki a koma kan lissafin, domin ɗaya daga cikin biyun ba daidai ba ne, ginin da ke tsaye kuma shi ne mafi gaskiyar shaida. Wannan magana ta fi nauyi a yau, da ake gina dukan bene a cikin kwamfuta kafin a taɓa ƙasa, ƙaramin injiniya kuma yana iya fitar da ɗaruruwan shafukan lissafi a yini guda waɗanda ba wanda zai karanta su duka. Shi ya sa ƙwararrun masu dubawa ke yin ɗan gajeren lissafi da hannu don su ga ko amsar na'ura tana kusa da hankali. Jihar Connecticut a yanzu tana cikin jihohin da doka ta wajabta wa manyan gine-gine bita daga injiniyan da ba ya cikin kamfanin da ya yi zanen.

Daga Hartford tafiyar ta koma sama, zuwa tsakiyar ƙasar, inda kogin Kansas ke zuba a kogin Missouri. Kansas City gari ne mai faɗin tituna da yawan maɓuɓɓugan ado, kuma kudu da tsakiyarsa, kusa da tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Union Station da hasumiyar tunawa da Yaƙin Duniya na Ɗaya, akwai unguwar Crown Center da kamfanin Hallmark ya gina. A nan otal mai hawa 40 yake, wanda aka buɗe a 1980 da sunan Hyatt Regency, yanzu kuma yake ƙarƙashin sunan Sheraton. Wanda ya shiga babban zaurensa zai ga gada guda ɗaya ta masu tafiya a ƙafa tana ratsa zauren a hawa na biyu, tana zaune a kan ginshiƙai masu kauri da suka taso daga ƙasa. A da gadoji uku ne, kowace mai tsawon kusan mita 37, suna rataye daga rufi da rodi mai kaurin milimita 32: ta hawa na huɗu tana daidai saman ta hawa na biyu, ta hawa na uku kuma tana gefe ita kaɗai. Da yammacin Juma'a, 17 ga Yuli, 1981, mutane kimanin 1,600 sun taru a zauren don bikin rawa, wasu suna kallo daga kan gadojin, sai ta hawa na huɗu ta faɗo kan ta hawa na biyu, dukansu suka sauko kan jama'a. Mutum 114 suka rasu, fiye da 200 suka jikkata.

Sababin ya taru ne a wuri guda da bai fi tafin hannu ba. A zanen injiniyoyi, rodi ɗaya dogo zai sauko daga rufi, ya ratsa bim ɗin gadar hawa na huɗu, ya ci gaba har zuwa gadar hawa na biyu, kowace gada tana zaune a kan notinta a jikin rodin. Wannan yana buƙatar a yanka wa rodin zaren da noti ke bi a tsawon mitoci masu yawa, zaren da zai iya lalacewa wajen ɗaga ƙarafa, don haka kamfanin Havens Steel, mai ƙera ƙarfen, ya kawo shawarar rodi biyu: ɗaya daga rufi zuwa gadar sama, na biyu kuma ya soma daga bim ɗin gadar sama zuwa gadar ƙasa. Bambancin kamar na guga biyu ne a rijiya, domin idan an ɗaure kowanne a jikin igiya ɗaya kowane ƙulli nauyin gugansa kawai yake ɗauka, amma idan aka rataya na biyu a jikin na farko, ƙullin sama ne zai ɗauki nauyin duka biyun. Nauyin da ke kan notin gadar hawa na huɗu ya ninka, bim ɗin kuwa ƙarafa biyu ne masu siffar harafin C da aka haɗa baki da baki da walda, rodin yana ratsa daidai layin waldar, sai ƙarfen ya buɗe notin ya zarce ta cikinsa. Hukumar Ma'auni ta Ƙasa, a rahotonta na 1982, ta gano cewa ko zanen asali kashi 60 cikin ɗari kawai na nauyin da dokar ginin birnin ta buƙata zai iya ɗauka, wanda aka gina kuwa rabin haka.

Tambayar da ta shafi kamfanonin zane ita ce yadda sauyin ya wuce. A al'adar aikin ƙarfe a Amurka, injiniya yana fitar da zanen da ke nuna ƙashin gini, mai ƙera ƙarfe kuma yana fitar da nasa zanen, wanda ake iya kira zanen maƙera, mai nuna tsawon kowane ƙarfe da gurbin kowane rami, sannan ya aika wa injiniya ya duba ya buga tambarin bita kafin a soma yanka. Zanen maƙeran da ke ɗauke da rodi biyu ya je ofishin injiniyoyin, kamfanin G.C.E. International, ya dawo da tambarin bita. A zaman sauraron bahasi, injiniyoyin sun ce lissafin mahaɗa aikin mai ƙera ƙarfe ne, mai ƙera ƙarfen kuma ya ce ya ɗauki abin da aka zana a matsayin abin da aka riga aka lissafa, an kuma yi gardama kan wata magana ta wayar tarho da ba a rubuta ba. Abin da ya fito fili shi ne ba wanda ya taɓa lissafa wannan mahaɗa, ba a wannan ofis ba, ba a wancan ba. An ma sami gargaɗi, domin a watan Oktoba na 1979, ana cikin gini, wani sashe na rufin zauren ya faɗi, aka yi alkawarin sake duba mahaɗan ƙarfe, amma dubawar ba ta kai ga ratayen gadojin ba.

Ba a gurfanar da kowa kan laifin kisa ba, amma a 1986 jihar Missouri ta soke lasisin Jack Gillum, wanda hatiminsa ke kan zanen, da Daniel Duncan, injiniyan da ya jagoranci aikin, bayan alƙalin hukumar ladabtarwa ya yanke cewa injiniyan da ya buga hatimi ba zai iya miƙa alhakin lafiyar mahaɗa ga mai ƙera ƙarfe ba. Hukuncin daidai ne, ko da yake nauyin da ya ɗora wa injiniya ba zai ɗauku ba sai masu ba da aiki sun yarda su biya kuɗin lokacin da dubawa ta gaskiya ke ci. Ƙungiyar Injiniyoyin Gine-gine ta Amurka ta wallafa littafin jagora kan inganci a ayyukan gini a 1990, wanda ya fayyace aikin mai gini da na mai zane da na ɗan kwangila, kamfanoni da yawa kuma suka tsaurara dokar cewa amincewar da aka bayar ta baki ba ta zama amincewa sai an rubuta ta, tambayar ɗan kwangila kuma sai ta bi takardar neman bayani mai lamba da kwanan wata. Gillum ya shafe shekarun da suka biyo baya yana bayyana wa injiniyoyi da ɗalibai yadda abin ya faru. Wurin tunawa da mamatan, mai ɗauke da sunayensu, yana wani lambu a kan tudu kusa da otal ɗin, kuma sai a 2015 aka buɗe shi, shekara 34 bayan hatsarin.

Zangon ƙarshe shi ne Miami a jihar Florida, inda zafi da laima ke tarbar wanda ya sauka, Sifaniyanci kuma ke tashi a kowane shago. Titi na 8 na kudu maso yamma yana ratsa unguwar Little Havana ya miƙe yamma har ya zama hanya mai layin mota takwas, da magudanar ruwa a gefenta, yana raba harabar Jami'ar Ƙasa da Ƙasa ta Florida da garin Sweetwater inda ɗalibai da yawa ke zaune. Tsallaka wannan titi da ƙafa abu ne mai haɗari, kuma don sauƙaƙa shi aka tsara gadar kankare ta masu tafiya a ƙafa. An zuba babban sashenta, mai tsawon mita 53 da nauyin tan 950, a gefen titi, aka ɗauko shi aka ɗora a gurbinsa ranar 10 ga Maris, 2018. Kwana biyar bayan haka, da rana tsaka, ya faɗo kan motocin da ke ƙarƙashinsa, mutum shida suka rasu, biyar a cikin motoci, ɗaya ma'aikaci.

Wannan aiki ya zo ne shekara 37 bayan Kansas City, a zamanin da bita daga waje ta zama sharaɗi a rubuce, kuma an yi ta. A Birtaniya, tun bayan rushewar gadar Milford Haven da ta West Gate a Ostireliya a 1970, an kafa tsarin da ke buƙatar wani kamfani daban ya sake lissafin manyan gadoji daga tushe, kuma manufar bita mai zaman kanta ke nan a ko'ina. Hukumar Kiyaye Haɗurran Sufuri ta Amurka, a rahotonta na Oktoba 2019, ta gano cewa kamfanin FIGG, mai zanen, ya ƙiyasta nauyin da ke kan wata mahaɗa ta ƙarshen arewa ƙasa da yadda yake, ya kuma ƙiyasta ƙarfinta sama da yadda yake. Kamfanin Louis Berger, da aka ɗauka don bita, ya duba gadar a matsayin kammalalliya, bai lissafa mahaɗan ɗaya bayan ɗaya ba, bai kuma bi matakan ginin daban-daban ba, alhali a matakin da sashen ke tsaye shi kaɗai ne ya fi rauni. Hukumar ta kuma gano cewa kamfanin ba ya cikin waɗanda jihar ta tantance don irin wannan gada mai sarƙaƙiya. Bitar ta cika sharaɗin takarda, amma iyakar da aka shata mata ta bar wurin kuskuren a waje.

Kamar a Hartford, kankaren ya yi magana kafin ya faɗi. Tsagogi sun bayyana a mahaɗar suna ƙara buɗewa kullum, har suka kai ninki 40 na faɗin da aka saba amincewa da shi, an ɗauki hotunansu an aika wa masu zane, kuma a safiyar ranar da gadar ta faɗi an yi taro inda injiniyan zanen ya tabbatar wa mahalarta cewa babu haɗari. A wurin akwai wakilan ɗan kwangila, da masu sa ido kan aikin, da jami'ar, da ma'aikatar sufuri ta jihar, kuma ba wanda ya nemi a rufe titin. Gadar ta faɗi ne ana cikin ƙara ɗaure rodin da ke cikin tokaren kankaren da ya tsage, matakin gyaran da ba ya cikin tsarin asali kuma ba a kai shi ga mai bita ba. Hukumar ta shawarci ma'aikatar sufurin Florida da ta wajabta wa mai bita ya sake lissafin nauyin da ke kan kowace mahaɗa a irin waɗannan gadoji, ta kuma rubuta cikin yarjejeniyoyinta cewa da zarar an ga tsaga a ƙashin gada ana cikin gini, wajibi ne a fitar da ma'aikata a kuma rufe titin da ke ƙarƙashi nan take, har sai an tokare ta an kuma duba tokaren.